Digiri na Biyu a Ilimin Motsin Jiki: Kafin Ka Sayi Fom

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi digirin farko a ilimin motsa jiki da lafiya a Jami'ar Bayero, na gama bautar ƙasa, yanzu ina Agege ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, da yamma kuma ina horar da mutane a gidan motsa jiki. Na tara kuɗi domin yin digiri na biyu a kinesiyoloji, wato ilimin motsin jiki, saboda ina son buɗe wurin yi wa masu shanyewar ɓarin jiki gashi. Wace jami'a zan zaɓa a nan Legas?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa neman ilimi albarka. Kafin mu zo maganar jami'a, dole in faɗa maka cewa digirin da kake nema ba zai ba ka lasisin gashi ba. Gashi aikin asibiti ne da ake karantawa tun daga digirin farko, kamar yadda ake yi a Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, sannan a yi shekara guda ta horo a asibiti, kuma hukumar MRTB da aka kafa a 1988 ce ke yi wa masu wannan aiki rajista. Na taɓa ganin wani dattijo da ciwon kafaɗarsa ya tsananta bayan wani mai horarwa, cikin kyakkyawar niyya, ya riƙa jan hannunsa da ya shanye, alhali naman da ke riƙe gaɓar ya riga ya saki. Idan zuciyarka na kan majinyata, ka nemi hanyar shiga ainihin karatun gashi, ko da zai ɗauke ka shekaru.

Kinesiyoloji kuwa nazari ne na yadda zuciya da huhu da tsoka ke amsa motsa jiki, da yadda nauyi ke sauka a kan gaɓoɓi idan mutum na gudu ko tsalle, da yadda ake tsara horo. Yana kai mutum ga koyarwa a manyan makarantu, da bincike, da aiki da ƙungiyoyin wasanni. Idan wannan ya yi maka, Jami'ar Legas da ke Akoka da Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo duk suna da sashen, a ƙarƙashin tsangayar ilimi. Kada ka zaɓa da suna kawai. Ka je da ƙafarka, ka nemi a nuna maka ɗakin gwaje-gwaje, ka tambaya ko na'urar gudu da keken auna ƙarfin zuciya suna aiki, ka kuma gano malamin da zai duba bincikenka, domin shi ne zai sa ka gama a kan lokaci ko ka daɗe. Sannan ka lissafa kuɗin mota da cunkoson hanya. Daga Agege zuwa Ojo tafiya ce ta gaske ga mai aikin safe da yamma, sai dai idan kana da masauki wajen 'yan'uwa a Alaba Rago da ke kusa da jami'ar.

Tambaya: Malam, ina horar da mata a unguwarmu ta Mile 12, ba ni da digiri. In sayi kwas ɗin makonni shida da ake tallatawa a intanet?

Amsa: 'Yar'uwa, aikin da kike yi yana da matuƙar amfani, domin matanmu da yawa ba za su yarda namiji ya horar da su ba. Sai dai auna hawan jini da gyara wa mace tsayuwa abubuwa ne da ake koya da hannu a gaban malami. Ki riƙe kuɗinki tukuna, ki je Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke cikin filin wasa na Surulere, ki tambayi kwasa-kwasan masu horarwa da sharuɗɗan shiga, ki tafi da takardunki na sakandare.