Hali, Ɗabi'a, da Maganar Wanda Maciji Ya Sara

Wata ɗaliba da ke ajin farko a kwalejin ilimi, tana ɗaukar darasin ilimin halayyar ɗan Adam, ta aiko da tambaya: "Malam, hali da ɗabi'a abu ɗaya ne? In kuwa hali zanen dutse ne, me ya sa ake koya mana hanyoyin sauya shi?"

'Yata, ba ɗaya ba ne, ko da yake a hira akan gwama su. Dukansu aro ne daga Larabci, sai dai da suka zauna a bakin Bahaushe kusan musayar gurbi suka yi. A Larabci hali yanayi ne mai zuwa ya wuce, ɗabi'a kuma ita ce asalin halitta. Tsohuwar ma'anar tana nan a "halin da ake ciki" da "ba ni da hali". Amma in aka ce "halinsa ne", ana nufin abin da ya zauna wa mutum daram: haƙuri, rowa, saurin fushi. Ɗabi'a kuwa ɗaukarta ake yi, shi ya sa ake cewa yaro ya ɗauko ɗabi'ar banza a waje. To in kina fassara wa kanki darasi, ki bar hali ga abin da ya daɗe tare da mutum, ki ba ɗabi'a abin da ido ke gani yana aikatawa, wanda za a iya ƙirgawa: sau nawa ya katse malami, minti nawa ya zauna shiru.

Batun zanen dutse, ai bakin da ya faɗe shi shi ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ya kuma ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kowace magana da muhallinta. Ki yi amfani da su don riƙe darasi a ka, amma kada ki kafa hujja da su a takardar jarrabawa. Tun da masani Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajin ilimin halayya a Leipzig ta Jamus a 1879, awo da gwaji ne hujjar wannan fanni.

Wani ɗalibin kuma ya tambayi ma'anar "wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu", da ko tana da alaƙa da karnukan Pavlov, masanin nan ɗan Rasha da ya yi gwaje-gwajensa da karnuka.

Ɗana, tana da ita ƙwarai, kuma ban san karin maganar da ta fi ta dacewa da wannan babi ba. Ma'anarta wanda ya taɓa shan wuya yakan tsorata da duk abin da ya yi kama da sanadinta. Ka warware ta daki-daki. Sara shi ne musabbabin asali, zafi da firgita kuma martani ne da ba a koya wa kowa. Siffar maciji, dogon abu baƙi a ƙasa, ta zo tare da saran, sai ƙwaƙwalwa ta ɗaure su wuri guda. Daga nan ganin siffar kaɗai ya isa ya sa gaba ta faɗi. Wannan ne martanin da aka koya. Haka karen Pavlov ya riƙa dalalar da miyau da jin sautin da ya saba zuwa kafin abinci.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne tsumman. Sukan rubuta shi a matsayin abin da aka haɗa da sara, alhali bai taɓa haɗuwa da shi ba. Kama ce kawai ta ja masa, wato tsoron ne ya faɗaɗa. A 1920 John Watson da Rosalie Rayner sun nuna haka a Amurka da wani jariri da ake kira Albert. Duk lokacin da ya kai hannu ga farin ɓera sai a buga ƙarfe da guduma a bayan kansa. Ba a daɗe ba ya fara kuka da ganin ɓeran, har da zomo da rigar gashi. Yau ƙa'idar bincike ba za ta yarda a yi wa yaro haka ba, kuma daidai ne.

Abin da karin maganar ba ta faɗa ba shi ne tsoron yana dushewa in mutum ya yi ta ganin tsumma babu sara. Sai dai gudun ne ke hana hakan, domin mai gudu ba ya tsayawa ya gane tsumma ne. Ko bayan ya dushe ma yakan iya dawowa kwatsam bayan wani lokaci, kuma malamai na son tambayar wannan gaɓar a jarrabawa.