Tambaya da Amsa: Za mu shiga hamada da mota, me za mu tanada?

Tambaya: Salam Malam, ni da abokaina muna so mu shiga can cikin hamada mu kwana uku a tanti, inda ba kwalta ba sabis. Mota ɗaya ta ishe mu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya mota ɗaya ban goyi baya ba, ku nemi ta biyu, don in ɗaya ta kafe a yashi ko injin ya yi zafi ɗayar ce za ta ja ta. Ruwan sha kuma kar ku yi masa ƙwauro, aƙalla lita 5 kowane mutum kullum, ku ƙara na kwana biyu a kai, a raba shi jarka-jarka saboda in ɗaya ta fashe kar ku rasa duka. Mai ma haka, yashi yana shan mai sosai.

In kun iso yashi mai laushi ku rage iskar taya zuwa wajen 18 PSI (ma'aunin ƙarfin iskar taya ke nan), tayar sai ta baje ta daina nutsewa, amma fa ku tafi da famfon iska don mayar da iskar in kun fita daga yashin. In mota ta kafe kar direba ya yi ta taka totur, rami take tona wa kanta, a sauko a ɗau shebur.

Kar ku kafa tanti a busasshen kwari, ana iya yin ruwa can nesa ambaliya ta same ku cikin dare. Ku riƙe bargo don dare akwai sanyi, da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama.

Ku faɗa wa wani hanyarku da ranar dawowa, kuma in mota ta mutu don Allah ku zauna wajenta, ita masu nema suke fara hangowa.