Sirri, Asiri da Kutse: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wani mai karatu daga Zariya ya aiko da tambaya yana cewa, "Malam, mene ne bambancin sirri da asiri, kuma me ya sa ake cewa lambar sirri amma ba a cewa lambar asiri?"

Ɗan'uwa, kalmomin biyu duk aro ne daga Larabci kuma tushensu ɗaya, sai dai Hausa ta raba musu aiki. Sirri shi ne abin da mutum ya sani ya kuma ɓoye shi da gangan, kamar lambobi huɗu na katin cirar kuɗi, ko lambar tantance masu asusun banki ta BVN mai lambobi 11 da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014. Asiri kuwa ya fi karkata ga halin da mutum yake ciki wanda bayyanarsa za ta zubar masa da mutunci, irin su bashi da rashi da matsalar cikin gida, shi ya sa muke addu'ar Allah ya rufa asiri, muke kuma kiran ɗan abin da magidanci yake riƙe iyalinsa da shi rufin asiri. Ga shi kuma asiri yana da ma'anar sihiri, saboda haka wanda ya ce lambar asiri yana iya sa mai sauraro ya zaci daga wurin boka ya fito.

A intanet kuwa, sakin sirri ne yake jawo tonon asiri. Dubi wasu manhajojin ba da bashi ta waya: kafin su ba mutum kuɗi sai sun nemi izinin ganin dukkan lambobin da ke cikin wayarsa, shi kuma ya danna amincewa bai karanta ba. Ranar da biya ya gagara, sai surukinsa da limamin unguwarsu da maigidansa a wurin aiki su wayi gari da saƙon cewa wane maci amana ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a 2022, sannan a watan Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a.

Wata malama daga Maraɗi ta ce an kira ƙanwarta an ce za a sa ta a wani zauren tallafi na WhatsApp, aka nemi ta karanto lambobi shida da suka shigo wayarta, ta karanto, nan take aka ƙwace mata WhatsApp. Tana tambaya ko daidai ne a kira wannan kutse.

Malama, a ganina damfara ce, ko da yake bakin jama'a ya riga ya saba da kiran kowace irin ƙwace kutse. Kutsawa ita ce shiga wuri da ƙarfi ba tare da izini ba, kamar yadda mutum yake kutsawa cikin taro yana ture mutane da kafaɗa. Wanda aka yi wa daɗin baki har ya miƙa mabuɗi da hannunsa, ba a fasa masa ƙofa ba. Bambancin yana da amfani, domin wanda ya ce an yi masa kutse yakan ɗora laifin a kan waya, alhali maganin yana bakinsa. Magabata sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wato akwai abin da ake haɗiyewa a bar shi a can, kuma waɗannan lambobi shida suna cikinsa. Ƙanwarki ta sake yin rajista da layinta, ta kuma kunna matakin tsaro na biyu wanda ke neman wata lambar da ita kaɗai ta zaɓa.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗalibi ce a Kano, wanda ya ji ana cewa magana zarar bunu ce amma bai san bunu ba. Bunu tsohuwar ciyawar rufin ɗaki ce da ta sha rana da ruwa, wadda idan aka zaro tsinke ɗaya daga cikinta ba ya komawa gurbinsa. Ɗalibin ya ƙara da cewa ai yanzu ana iya goge saƙo bayan an tura. Ana iya gogewa daga wayarka, har ma daga ta wanda ka tura wa idan ka yi hanzari, amma idan ya riga ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ko ya tura wa wani zauren, gogewarka ba ta kai can ba.