Filin Tambaya da Amsa: Ana iya ƙara wa rauta memori da dalma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar rauta TP-Link TL-MR3020 da nake raba intanet da ita a shagona na fotokwafi a Zariya. Na sa mata manhajar OpenWrt, wadda ake sa wa rauta a madadin ta masana'anta, amma duk abin da na so ƙarawa sai ta ce babu wuri, wani lokaci kuma ta mutu ta sake tashi da kanta. Wani abokina ya ce ana cire memorinta a liƙa babba. Gaskiya ne? Kuma intanet ɗin zai ƙara gudu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya faɗi gaskiya, ana yi, ni ma na yi a kan irin wannan rautar. Amma bari in fara da tambayarka ta biyu: intanet ba zai ƙara gudu ba. Gudun yana zuwa ne daga layin da ke cikin modem ɗinka da ƙarfin sabis a unguwarku. Ƙwaƙwalwar rautar kuma, Atheros AR9331 mai gudun megahaz 400, tana nan yadda take ko ka ninka mata memori. Abin da za ka samu shi ne wurin ajiya da kuma daina sumewa.

Matsaloli biyu ka kawo, kuma aisi biyu ne daban, wato ƙananan kayan lantarki masu ƙafafu da ke liƙe a fanel ɗin rautar, suke jawo su. Wanda ke cewa babu wuri shi ne filash, inda manhajar ke kwana ko an kashe wuta, girmansa megabait 4 kacal. Mutuwa da tashi kuwa galibi daga RAM ne, wurin aiki na ɗan lokaci, mai megabait 32. Idan ya cika sai manhajar ta fara kashe ayyuka ko ta faɗi gaba ɗaya. Masu OpenWrt da kansu sun daina gina wa na'urori masu filash 4 da RAM 32 sabuwar manhaja bayan sigar 19.07 da ta fito a farkon 2020. Kafin komai juya rautar ka duba takardar da ke bayanta. Idan siga ta 3 ce, ita ta zo da 8 da 64 da wata ƙwaƙwalwa daban, abin da zan faɗa bai shafe ta ba.

Filash ɗin ya fi sauƙin cirewa, ƙafafunsa takwas ne, kuma ana maye shi da Winbond W25Q64 mai megabait 8 ko W25Q128 mai 16. Amma a nan mutane suka fi yin asara, shi ya sa zan daɗe a kansa. Sabon aisi fanko yake zuwa. Idan ka liƙa shi haka, ko fitila ba za ta yi maka ƙyafta mai ma'ana ba. Dole ka kwafe duk abin da ke cikin tsohon da ƙaramar na'urar karanta aisi irin CH341A, ka karanta sau biyu ka tabbatar kwafin biyu sun zo daidai, sannan ka adana a wuri fiye da ɗaya. A cikin kwafin akwai abubuwa biyu masu daraja. Kilobait 128 na farko su ne U-Boot, manhajar da ke tayar da rautar, kuma a nan lambar MAC ɗinta take, wato lambar da ake gane ta da ita a kan hanyar sadarwa. Kilobait 64 na ƙarshe kuma su ne ake kira ART, ma'aunin da aka yi wa rediyon wannan rautar ita kaɗai a masana'anta. Idan ART ya ɓace, Wi-Fi ya tafi. Idan ka aro na wata rautar, yana iya tashi amma ba da ƙarfin da ya kamata ba. A sabon aisi, ART yakan koma can ƙarshe, kuma sai an gina manhajar da ta san sabon girman da inda ART ya koma. Ka kuma gwada CH341A ɗin da mita, domin akwai waɗanda ke tura bolt 5 a ƙafafun bayanai alhali aisin na bolt 3.3 ne.

RAM kuwa aikin hannu ne zalla. Aisi ne na DDR na farko mai ƙafafu 66, tazarar da ke tsakanin ƙafa da ƙafa milimita 0.65. Ana samun na megabait 64 a jikin tsofaffin memorin laftof, misali Hynix HY5DU121622. Sharaɗin shi ne ya zama mai faɗin bit 16 kamar na asali. Sanda mai megabait 256 da aisi huɗu a jikinta galibi irin da ake nema ce. Mai faɗin bit 8 kamanninsu ɗaya a ido amma ba zai yi aiki ba, don haka karanta lambar da ke jikinsa kafin ka kunna bulowa, na'urar hura iska mai zafi da ake cire aisi da ita. A wannan rautar U-Boot yakan gane sabon girman da kansa.

Wajen aikin, rufe ƙananan kayan da ke kewaye da tef mai jure zafi, don iska kan kwashe su. Shafa man soda sosai. Dalmar masana'anta ba ta narkewa sai wajen digiri 217, mai ƙarfen lid (lead) a ciki kuma a 183, shi ya sa nake fara shafa wa ƙafafun irin ta biyun, su gauraya, aisin ya tashi ba tare da an gasa fanel ba. Kada ka ɗaga shi da ƙarfi. Idan bai motsa da ɗan taɓi ba, bai narke ba, kuma jan sa zai ɓalle layukan tagulla. Duba ɗigon da ke nuna ƙafa ta farko kafin ka ɗora sabon, ka kafa kusurwa biyu, sannan ka bi sauran. Da madubin ƙara girma za ka duba ko ƙafa biyu sun haɗe. A lokacin hunturu kuma, da iska ta bushe, jiki kan tara lantarkin da ke kashe aisi ba a ji ba a gani. Taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa tukuna.

Idan hannunka bai saba ba, ƙwararrun masu gyaran waya, irin waɗanda ke kasuwar Farm Centre a Kano, suna cire aisi da ya fi wannan wuya kullum. Sai dai da yawansu ba su san zancen ART ba, ba aikinsu ba ne. Kai za ka je da kwafinka da sabon filash da aka riga aka rubuta, su kuma su liƙa.

Shawarata, Malam, kada ka yi wannan a kan rautar da shagonka ke ci da ita. In ka haɗa kuɗin aisi biyu da na'urar karantawa da ladan mai liƙi, za ka kusa kuɗin rauta ta hannu mai filash 16 da RAM 128, wadda OpenWrt ke ci gaba da kula da ita. Sayi wannan ka sa a shago. Ita kuma MR3020 ka ajiye ta don koyo, ka fara gwada hannunka a kan matacciyar sandar memori, ka cire ka mayar har ƙafafun su riƙa zama daidai. Idan ka zo yi, sauya RAM tukuna ka ga ta tashi ta nuna 64, sannan ka taɓa filash, domin in ka sauya biyun a tare kuma ta ƙi tashi, ba za ka san wanne ne ya jawo ba.