Tambayarka kan Bambino da agogon soja

Kai yaro, ka tambaye ni wai kwastoma yana son agogo mai wani (mai inji, ba mai batir ba) mara tsada, wanne zaka nuna masa tsakanin mai kamar na da irin Orient Bambino da mai zubin soja irin Seiko 5 ko Vostok. Amsar na hannun mutumin. In ɗan ofis ne mai shadda ba shi Bambino, gilashinsa mai tudu yana ɗaukar ido amma mita 30 aka rubuta masa, wato baya jure ruwa sosai, ya cire in zai yi alwala. In mai hawa mashin ne cikin ƙurar hunturun Jos, Seiko 5 mai inji 7S26, baya karɓar wani da hannu sai ka girgiza shi, amma wahala bata kashe shi.

Vostok ɗin da ka ambata ne ya tayar min da tsohon miki. Lokacin ina da teburi a kasuwar Taminus ta Jos kafin kasuwa ta ƙone a 2002, wani mutum da babbar riga ya kawo min Vostok Amphibia, ɗan Rasha, wai in wanke inji in sa mai. Nayi aiki tsaf. Ya dawo ya kwance kan wanin, wato ɗan maɓallin gefe da ake murzawa, yaga yana lilo, sai ya ɗaga murya wai na karya masa agogon da yayansa ya kawo daga Mosko. Nace Alhaji haka kamfani ya ƙera shi, da gangan ne, dan in ya bugu kada sandar da ke riƙe da kan wanin ta lanƙwashe. Ina! Jama'a sun taru, maƙwabta suna ta a yi haƙuri a biya, a ranar na ƙirga masa naira 3,000, cinikin sati biyu, ya tafi da kuɗin ya tafi da agogon. Bayan wata uku na hango shi a masallacin Juma'a agogon na hannunsa yana tafiya lafiya lau. Wallahi har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Shi yasa nake maka faɗa kullum ka juya kan wani a gaban mai shi kafin ya bar shago, ku kuma yaran yanzu ido na kan waya, ka karɓa ka jefa a aljihun tebur. Wayar ma jiya na ganta kwance kan agogon mutane, maganaɗisun sifikarta ke sa inji gudu. Kada in sake gani.