Wane irin daɓe ya dace da gida a Fatakwal?

Malam, ka ce ka zuba kankare a sabon gidanka na Fatakwal, kana tsakanin tayil, kafet da katakon nan na laminet. Ni dai tayil zan ce, kai tsaye.

Amma kafin ka sayi komai, gwada ƙasan tukuna. Yanko leda kamar santimita 45 kowane gefe, ka manne ta a kan simintin da salatif ta ko'ina, ka bar ta kwana guda. In ka ɗaga ka ga raɓa a ƙarƙashi ko wurin ya yi duhu, danshi na tasowa. Kwana 28 da birkila ke faɗa na ƙarfin siminti ne, bushewa kuwa sai an yi watanni, balle garin da ruwa ke sauka kusan duk shekara.

Laminet dai ƙyale shi. Cikinsa garin katako ne da aka matse, da ya sha lema sai bakinsa ya kumbura ya ɗago. Na gani a gidan wani ɗan'uwana, damina biyu kacal ya yi. Kafet mai mannewa kuma fumfuna da wari.

Nemi tayil ɗin foselin, ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. A banɗaki da kicin ka guji mai sheƙi, santsi gare shi. Sannan ka tsaya a kan mai aikin ya shafe bayan kowane tayil da siminti gaba ɗaya, ba ɗige-ɗige ba. In ka ƙwanƙwasa ka ji yana ƙarar ganga, a ɓamɓare a sake tun bai kama ba.