Tambayi Anti: Miyata ta fi hotonta kyau

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni amarya ce. Girki dai alhamdu lillahi, maigida bai taɓa ƙorafi ba. Amma duk sa'ad da na ɗauki hoton abincin da waya don in tura wa 'yan'uwana, sai ya fito kamar wanda ya kwana: miya ta yi duhu, mai yana ƙyalli a sama, ko ni ba na sha'awar kallonsa. Na ƙawayena kuwa sai ka ce na otel. Wayata ce ba ta da kyau, ko hannuna ne?
Daga wata amarya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da zaman lafiya. Kar ki ɗora wa wayar laifi tukuna. Ko ba ki faɗa ba na san da dare kike ɗauka, a kicin, ƙarƙashin ƙwan lantarki, ga fitilar wayar tana haskawa. Ko wa aka ba wannan yanayi abin da zai samu ke nan.

Haske yana da launi, ko da ido bai cika lura ba. Ƙwan lantarki mai ɗan ja-ja yana wajen 2700 a ma'aunin launin haske da ake kira Kelvin, hasken rana tsaka kuwa wajen 5500. Idonki yana gyara bambancin da kansa, shi ya sa kike ganin farar shinkafa fara ko'ina. Kyamara ƙoƙari kawai take yi, kuma in haske iri biyu suka haɗu a ɗaki ɗaya sai ta rikice, shinkafa ta fito rawaya, miya ta koma ƙasa-ƙasa. Ita kuma fitilar waya daga gaba take bugo haske, ta kashe inuwa gaba ɗaya, man da ke saman miya ya mayar mata da haskenta. Inuwar nan da ta kashe ita ce ke nuna cewa shinkafa ta yi warwar, nama ya soyu.

Ki ɗauki farantin ki kai shi kusa da taga ko bakin ƙofa da rana, inda akwai haske amma ranar ba ta bugawa kai tsaye. Ki kashe fitilar ɗakin. Ki tsaya yadda hasken zai zo daga gefen abincin ko daga bayansa kaɗan, ba daga bayanki ba. In ɗaya gefen ya yi duhu, ki jingina farar takarda ko farin kwali a wajen, zai mayar da haske ya sassauta inuwar. In rana ta yi ƙarfi, farin labule mara kauri ya isa. Kafin duk wannan ki goge idon kyamarar da gefen zanenki. Wayar da ta wuni a kicin ba ta rasa maiƙo da tururi, kuma da yawa daga hotunan da ake cewa sun yi hazo wannan ne kaɗai ciwonsu.

Abin da ke shimfiɗe a faranti daga sama ake ɗaukarsa. Wanda yake da tudu kuwa ki karkata wayar, kamar yadda mai zama ya ci yake kallonsa. Kar ki kai wayar dab da abinci, domin babbar kyamarar yawancin wayoyi mai faɗin gani ce, sai ta lanƙwasa bakin faranti. Ja da baya, ki danna 2x, wato maɓallin da ke kusanto da hoto ninki biyu. Ki rage yawan zubi, ki goge bakin farantin, ki kawar da ledar da murfin tukunyar da ke leƙowa ta baya.

Sai batun duhun miya, wanda ni ba na so ki ji kunyarsa. Launin da albasa da nama suke yi in sun soyu, wani masani ɗan Faransa mai suna Louis-Camille Maillard ne ya fara bayanin yadda yake samuwa a 1912: sukari da sinadaran furotin ne ke haɗuwa da zafi, kuma daga nan ƙamshi da ɗanɗano suke fitowa. Abincin da aka yi haƙuri da shi a wuta ba ya fitowa da launin fure. Masu shirya hoton talla ma an san su da sa dakakken dankali a madadin askirim don kar ya narke, da farin gam a madadin madara. Naki ci za a yi. Ɗan yankakken ganye ko jan tattasai a sama ya wadatar.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Matata ta iya girki, ban raina ba. Sai dai in ta gama ba ma ci sai ta ɗauki hoto ta nan, ta juya ta can, yara suna kallo, abinci yana hucewa. In na yi magana ta ce ban san darajar aikinta ba. Ya zan yi?
Daga wani magidanci

AMSA: Malam, kana da gaskiya, abinci da zafinsa ake cinsa. Amma ka duba ta wajenta. Ta yi awa biyu a tsaye, kun share faranti cikin minti goma, sai wanke-wanke. Mai ɗinki yana ganin rigarsa a jikin mutane, magini yana wuce gininsa kullum, mai girki kuwa ba abin da ke saura mata. Tun kafin Instagram ya fito a 2010 mata suke son a ga aikinsu, waya ta dai ba su hanya ne. Yaushe rabon da ka ce mata sannu, ya yi daɗi, ba tare da ta tambaya ba?

Ita kuma ka karanta mata wannan. Ƙanwata, shirin hoto kafin a sauke tukunya ake yinsa. Ki ajiye faranti ba komai a inda za ki ɗauka, ki gwada haske da tsayuwa da shi. In abinci ya nuna, ki zuba wa maigida da yara nasu, ki ware ɗan kaɗan a farantinki ki yi ta juyawa yadda kike so. Ribar ma taki ce, domin tururi a minti na farko yake fitowa a hoto, in haske yana bayansa kuma bangon yana da duhu. Da ya huce, mai ya daskare, babu gyaran hoton da zai dawo da shi.

TAMBAYA: Anti, ganyen da nake sa wa abinci kore shar yake shiga tukunya, ya fito a dushe. Akwai manhajar da ke gyara launin?
Daga wata ɗaliba

AMSA: Akwai, amma in kin ƙara kore da yawa har farantin sai ya yi kore, kowa ya gane. A tukunya ake gyarawa, 'yata. Doguwar dahuwa da tsami ne suke ɓata sinadarin da ke ba ganye launinsa. Ki sa shi a ƙarshe, ko ki tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti ɗaya zuwa biyu, ki tsame ki jefa a ruwan sanyi, sannan ki haɗa. Lemon tsami kuma sai an zo ci ake matsawa.